Zaren da Ya Tsinke

Malama Kasham ta ce shafi biyu
a kan mutumin da muka fi sani.
Na ɗauki babana. Zama ɗaya na gama,
na loda masa kalmomi kamar kayan biki:
jarumi, gwarzo, bango abin jingina.
Na kwanta ina jin babu ya ni.

Ran Laraba takardar ta dawo,
jan biro ya feso mata kamar ƙyanda.
Can ƙasa, layi ɗaya:
"Barira, wannan uban kowa ne. Ina naki?"

Na ƙunsa fushi tun daga Tudun Wada
har Keke Napep ya hau gadar kogi.
Saura kaɗan in jefa ta ruwa,
kadduna su gyara, tunda gyara ake so.
Ban jefa ba. Littafin sabo ne,
kuma Inna ce ta saya da kuɗin ɗanwake.

A karo na biyu wayo na yi:
na cire gwarzo, na sa namijin duniya.
Malama ta leƙo ta saman tabarau.
"Akuyar dai ita ce," in ji ta,
"igiya kika sauya mata."

Na uku cikin duhu na yi shi a Kakuri,
an ɗauke wuta, hasken waya kashi tara.
Babu abin da ya zo mini
sai tarinsa ta bayan labule.
To, na rubuta tarin.
Na rubuta yadda yake farkawa kafin ladan
kamar jiniyar masaƙa za ta busa,
masaƙar da aka garƙame tun ina goye.
Na rubuta katin aikinsa a gwangwanin madara,
da kakin gadi da yake sawa yanzu zuwa Barnawa,
wanda hannunsa bai kai wuyan hannu ba.

"Yauwa, na ji tarin," in ji Malama.
"Amma sakin layi na uku, gaskiya ne?"
A nan na ce bai taɓa ƙorafi ba.
Jimlar da na fi ƙauna kenan,
ta zauna daram, tana da daɗin faɗi.
Sai dai na san tsakin da yake ja
duk sanda muka wuce ƙofar nan mai tsatsa.
Na soke ta. Har haƙori na cije.

Na huɗu a kan tabarma na manta shi.
Na dawo daga ɗiban ruwa na tarar
yana bin layi da yatsa, leɓensa na motsi.
Ya daɗe.
"Nan kin yi kuskure," ya ce.
"Ni ban ja inji ba. Ƙulla zare nake yi.
In ya tsinke a tsaya, a lalubo bakin,
a ƙulla yadda mai sayen atamfa
ba zai taɓa sanin an ƙulla ba."
Na ce, sau nawa a yini?
Ya yi dariya har tarin ya taso.
"Wa yake ƙirgawa?"

Na biyar shi na miƙa, fes, ba ƙazanta.
Sha huɗu cikin ashirin.
Ta zagaye wurare uku da na bar waƙafi,
ta rubuta "Sannu" ƙarami a gefe.
Sauran huɗun, masu jan miki,
suna cikin gwangwani tare da katinsa;
shi ya ninke su ya saka, ban tambaye shi ba.

Jiya na sake karantawa a ɗakin girki.
Babu jarumi ko ɗaya a ciki,
amma ga shi nan zaune, yana tsaki.
Layi na ƙarshe ne bai kwanta mini ba.
Ina birona?